Ƙafar Maiaska da tawa

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana. Jikana ne ya ƙirga ya ba ni adadin, ni ba da haka nake riƙe lokaci ba. Abin da na sani, fara ta sauko mana a ƙarshen wata damina ta cinye ɗan abin da fari ya rage. Shekarar da ta biyo baya muka ci anza da tafasa har dasashinmu ya riƙa jini. A wadda ta bi wannan kuma, cikin zafi, rana ta yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, yara suka fito suna kaɗa gwangwanaye. Ranar nan maigidan nawa yana zaune gindin bishiyar bedi a ƙofar gida, ƙafarsa ta hagu a miƙe bisa turmin da aka kife. Ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce ashe ita ma tana gajiya. Bai ga ruwan farko na wannan shekara ba.

Sunansa bai taɓa fita bakina ba yana raye, ba kuwa zai fita yau don jarida ba. Mutanen ƙasarmu, daga Matankari har Dogon Kiriya, Maiaska suke ce masa, don wanzami ne ɗan wanzami, kuma da wannan sunan za ku san shi. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Baki nawa ne, alƙalami na jikana ne, wanda aka raɗa wa sunan kakansa, shi ya sa nake kiransa Ango, shi kuma ya ce mini Amarya. Ma'aikacin jinya ne a gidan likita na Dogon Dutsi. Na ce masa ya gyara harshena yadda masu karatu na nesa za su gane, amma maganar da mutane suka faɗa ya bar ta yadda ta fito.

Ni ɗiyar maƙera ce. Yayana Arzika shi ke ƙera wa Maiaska asake, kuma ta wurin zuwa maƙera ya gan ni. Ba zan ɓoye ba, na yi auren da mata suka yi ta magana a kansa. In kun ga Ba'are, wato ɗan wannan ƙasa tamu da ake kira Arewa, mai shekaru da tsagar nan tamu, daga gefen baki zuwa kunne, ta miƙe sumul babu karkata babu kumburi, ku tambaye shi wa ya yi masa. In daga yankinmu yake, zai gaya muku. Kafin ya sa aska a kuncin jariri yakan matse fatar da yatsu biyu ya duba inda take naɗewa. Yakan ce fata tana da hanyarta kamar yadda itace yake da tasa a hannun mai faskare. In ka bi hanyar, bakin yanka biyu su nemi juna da kansu. In ka gitta ta, wurin ya wangale. Bayan ya tsaga sai ya shafa baƙin tukunya, kwana kaɗan kuma ya komo gidan ya ɗaga ɓawon da tsinin aska, don in an bar naman jariri da gaggawarsa sai ya shafe tsagar, yaro ya tashi ba a san ko ɗan wane ne ba. Abin da ya gada ke nan daga ubansa: miki abu ne da ake komawa a kai da aska.

Ban da aski da kaciya da ƙaho, an san shi da gyambo. Ranar kasuwar Matankari yakan shimfiɗa buzunsa a gefen ƴan goro, a kawo masa masu tsohon miki, waɗansu a kan jaki daga nesa, har Fulani daga ruga. Ya wanke wurin da ruwan bagaruwa, ya kankare ruɓaɓɓen nama har jan jini ya fito, ya ɗaure da tsumma mai tsabta, ya ce a tafi sai wata kasuwa. Da yawa sun warke. Na ga mutumin da aka kawo ƙuda na bin sa, bayan wata biyu ya zo da ƙafarsa yana jaye da ɗan akuya na godiya.

Nasa mikin ba wani abin a zo a gani ba ne da farko. Bayan girbin shekarar yunwa yana sharar gona, tushiyar kara ta soke shi a ƙwauri. Ya dawo gida yana dariya, ya ce gona ta yi masa tsaga ba ta nemi izini ba. Amma jikin da ya shiga wannan kaka ba jikin da na sani ba ne. Duk tsawon damina, in na zuba masa ɗan abin da ya samu, sai ya kira jikoki su zagaye akushin, ya ce shi ya ci a gidan suna. Wane suna, a shekarar da ko kaza ba a yankawa? Na sani, shi ma ya san na sani, muka bar maganar.

Da mikin ya wuce kwanakin da ya kamata ya rufe bai rufe ba, sai ya ɗauko zabirarsa. Kowace safiya, in ya dawo masallaci gari ya yi haske, ya zauna gindin bedi, ya wasa aska a fata, in kawo ruwan ɗumi a ƙwarya. A tsakiyar mikin akwai wani jan nama mai tsaba-tsaba kamar dawa, yakan ce naman banza ne. A gefe kuma akwai wani siririn abu fari-fari da ya zagaye shi, kamar yanar da ke kwanciya kan kunu in ya huce. Wannan yakan ce matacciyar fata ce, ita ke hana magani shiga. Sai ya bi duka ya kankare tas, har jini ya gangaro kan diddige.

"Kin gani, ɗiyar maƙera? Jan jini. Nan lahiya take."

Ko ido ba ya ƙiftawa. Maza kan tsaya a kan hanyarsu ta zuwa daji su kalla, su girgiza kai su wuce suna cewa namiji ke nan. Ni kuwa ina riƙe da ƙwarya ina jin kaina ya fi na kowace mace a garin. Daga nan ya barbaɗa garin bagaruwa, ya miƙe ƙafar a rana ta bushe. Gobe kuma haka.

Mikin da ya fara kamar bakin ludayi ya zama kamar tafin hannu. Ƙanwarsa Kulu, wadda ke aure a Gesheme, ta zo ta duba ta ce wannan ba ciwon aska ba ne, doguwa ce, aljanar da ke tsamiyar gefen gonarsa, ya taka wa ɗiya. Ta kawo masu bori, aka yi abin da ake yi, aka yanka baƙar akuyar da ta rage mana. Malamin garinmu ya ji haushi ya aiko da rubutu, aka sha, aka shafa. Maiaska bai hana kowa ba. Na Kulu ya karɓa, na malam ya karɓa, da safe kuma ya wasa askarsa. Arzika ma ya ƙera masa wata sabuwa, siririya, ya ce ƙila tsohuwar ce ta gaji.

Sai bayan duhun ranar nan, da zazzaɓi ya fara kayar da shi, ya yarda ɗiyanmu suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai mu Dutsi. Lokotoro, wato likita, ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, ya ce ciwon ya kai ƙashi, in ana son mutumin sai a bar ƙafar. Maiaska ya saurare shi har ya gama, cikin ladabi, kamar yadda mai sana'a ke sauraren mai sana'a. Sannan ya ce ya gode, amma shi ya yi shekaru yana yanka mutane bai taɓa raba kowa da abin da Allah ya ba shi na tafiya ba, kuma da ƙafa biyu zai je kabari. Muka dawo gida. Da ƙafa biyu ya je.

Shekarun da suka biyo baya, in an tambaye ni me ya kashe shi, nakan ce kwana ne ya ƙare. Kulu takan ce doguwa. Ba mu taɓa yin gardama a kai ba, don ni ma ba ni da wata amsa. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne, yaya mutumin da ya warkar da gyambon rabin Arewa ya kasa nasa?

Amsar ta zo mini bara, kuma ta ƙafata ta biyo.

Da damina iska ta ɗaye kwanon rumfar awaki. Na fita da safe ina gyarawa, don ban saba jiran kowa ba, bakin kwanon ya yanke ni a ƙwauri. Na wanke na ɗaure. Da ya ƙi rufewa, ban tsaya neman shawara ba. Matar wa za a koya wa miki? Zabirar tana rataye a ɗakina, asaken na shafe su da mai duk shekara. Na ɗauko siririyar nan ta Arzika, na wasa, na yi abin da idona ya gani safiya bayan safiya. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ku rubuta. Na saki zane har ƙasa, ba wanda ya sani, har aka yi girbi. Mikin kuwa yana ta faɗi, ni kuma na fara gane hanyar da muke bi, don na taɓa bin ta ina riƙe da ƙwarya. Na riga na shirya abin da zan ce wa lokotoro in ranar ta zo. Maganar Maiaska zan maimaita masa.

Ango ya zo sunan ɗiyar ƙanwarsa. Na fito zan gaishe da baƙi, ya bi ni da ido tun daga ƙofar ɗaki.

"Amarya, mi ya samu ƙahwag ga?"

"Tsuhwa na. Kai ma shina tahe."

"Tsuhwa ba shi wari. Ɗaga zane in gani."

Na ce masa tun da nake ba a taɓa yin angon da ya ce wa amarya ta ɗaga zane a tsakar gida gaban mutane ba, mata suka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya bi ni ɗaki, ya duba, ya ga zabirar a buɗe bisa gado. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ban bi shi ba. Ya naɗe zabirar ya rataya a kafaɗarsa, ya ce ajiya ce zai riƙe mini, in ina son kayana in biyo su Dutsi.

Lokotoron da ta duba ni mace ce, Bazabarma, Hausarta da ɗan tsami. Ta ɗebi jinina ta ce babu ciwon suga, ta taɓa bayan ƙafata ta ce jini yana zuwa. Ta ce akwai sauran dama, amma ba mai yawa ba. In wata guda ya wuce mikin bai juyo ba, za ta tura ni babban gidan likita na Doso, kuma can maganar da za a yi ba mai daɗi ba ce. Sannan ta ɗauko ƴar wuƙarsu ta yanke wani baƙin nama a gefe guda. Na dubi Ango na ce to, ga shi nan, su ma aikin kakanka suke yi. Ya ce e, amma sau ɗaya, kuma abin da ya mutu kaɗai.

Abin da suka yi bayan wannan ya saɓa wa duk abin da na sani. Ba su bar wurin ya sha iska ba. Suka shafa wani mai, suka rufe da farin ƙyalle mai laima, suka ce kada a buɗe sai bayan kwanaki. Aka ajiye ni gidan Ango, matarsa tana cusa mini wake da ƙwai da zogale da lemu, wani lokaci ɗan nama. Na ce mata ni ba mai jego ba ce. Hannuna kuwa ƙaiƙayi yake kowace safiya. Ina jin abin a rufe, a jiƙe, ina cewa yana can yana ruɓewa. Wata safiya Ango ya same ni na fara kwance bakin ƙyallen. Ya ajiye babur ɗinsa, ya fasa fita aiki da wuri, ya jawo kujera.

Ya tambaye ni ko na tuna yadda nake shuka duma a gindin danga. Na ce kada ya raina mini hankali. Ya ce to, naman mutum duk wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa ne masu rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma in fata ta tsage tasowa suke su zo su cike wurin. Ba su da ƙafa. Jan ciki suke yi, su miƙa gaba su kama wani abu, su jawo bayansu, kamar yadda yaɗon duma ke miƙa siririn hannunsa ya kama kara. In ba abin kamawa, sai su taru a bakin ramin su tsaya. Abin da suke kamawa kuwa zare ne. Jinin da ya daskare a miki raga ce ta siraran zare, ita jiki ke fara shimfiɗawa. Waɗansu daga cikin ƴan abubuwan nan su bi ta kanta su shiga tsakiya, su kaɗa wani zaren da ya fi ƙarfi. Ya faɗi sunansa da Faransanci, kolajen, da sunan wani mai tsawo da ban riƙe ba. Ni dai na ce zare, don na yi kaɗi tun ina yarinya, kuma masaƙan Tibiri sun san abawata.

Ya ce in shimfiɗar ta kwanta, sannan masu yin fata su taso daga gefe, ta ko'ina, su bi ta kai har su gamu a tsakiya. Inda zaren ya miƙe, nan suke bi. In ya cukurkuɗe ya yi yawa, tabo ya kumbura kamar igiya. In wurin ya bushe ƙamas, sai sun yi haƙa a ƙarƙashin ɓawo kafin su wuce, tafiyar ta yi nawa. Kuma zaren da abinci jiki ke kaɗa shi, shi ya sa ake cusa mini wake. Wannan kam ban yi musu ba, don ban taɓa ganin macen da ta cika mazari da hannu wofi ba. Na ce masa zancen hanyar zare kuwa kakansa ya riga shi, shi da ke matse kuncin jariri ya nemi hanyar fata. Ya ce haka ne, abin da tsoho yake ji da yatsunsa ke nan.

Na saurara, amma ban yarda duka ba. Abin da ido bai gani ba, kowa na iya faɗin abin da ya ga dama a kansa. Sai ya yi mini dabara. Duk ranar da aka buɗe ƙyallen ya ɗauki hoton wurin da salularsa. Bayan an buɗe sau uku ko huɗu, wata la'asar muna zaune a tsakar gida, ya jera mini hotunan, ya sa yatsu biyu ya buɗa na ƙarshe har mikin ya cika gilashin.

"Duba nan tsakiya, jan ga mai tsaba-tsaba. Shimhiɗar ke nan, ta kwanta. Duba gehe kuma. Kin ga wanga siririn hwari? Sabuwar hwata ta. Su na masu tahiya. To, in kin bar su, sun kusa."

Na karɓi salular na kawo ta kusa da idona. Siririn abu fari-fari, ya zagaye mikin, kamar yanar kunu in ya huce.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Matar Ango ta zo ta ɗauke kwanon da ke gabana ta koma. Na san abin nan. Na san shi fiye da yadda Ango ya san shi, don shi a ƙafafun baƙi yake ganinsa, ni kuwa a ƙafar mijina na gan shi, kowace safiya, daga kaka har zafi. Ashe duk daren duniya ƙafar nan tana aikinta. Jikin da yunwa ta cinye yana tattara ɗan abin da ya rage masa ya kaɗa zare, ƴan abubuwan nan su kama hanya, su ɗan matso. Gari ya waye, mutumin da ya fi kowa iya aska a ƙasar Arewa ya share su tas.

Na tambayi Ango ko abin da ya kashe kakansa ke nan. Ya ce shi yaro ne a lokacin, bai ga ƙafar da idon aiki ba. Ya ce ƙila tsoho yana da suga ba a sani ba, ƙila jini ba ya isa ƙafar, ƙila yunwar kaɗai ta isa ta hana wurin rufewa ko da ba a taɓa shi ba. Ya ce ba zai ɗora wa mamaci abin da ba shi da tabbas a kai ba. Na ji daɗin wannan amsa, ta ɗan halak ce. Amma ni akwai abin da na tuna wanda shi bai sani ba. Masu gyambon da ake kawowa kasuwar Matankari, Maiaska kan kankare musu sau ɗaya, su hau jaki su koma garuruwansu, inda askarsa ba ta kai wa. Kafin wata kasuwa ta zagayo naman ya samu kwanakinsa. Waɗansu ma sai sun tsallake kasuwa biyu. Nisan gida ne ya cece su. Shi kuwa ƙafarsa tana gabansa duk safiya, ga aska a zabira, ga hannun da bai san zama ba.

Ban ɗora masa laifi ba, kuma ban yarda wani ya ɗora masa ba. Abin da ubansa ya koya masa ya yi, kuma ya yi shi da kyau fiye da kowa. Da rago ne, ko matsoraci mai gudun zafin aska, da wataƙila yana nan muna faɗa a kan goro. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Ba wani babban magani ya rasa ba, irin wanda sai an je Yamai. Mutum guda ya rasa wanda zai ce masa farin nan mai rai ne, ka bar shi.

Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau, me zai ce? Zai tarar ba a tsaga yara kuma. Ɗiyan jikokinsa fuska sumul, in sun shiga kasuwar Dutsi ba ka bambanta su da ɗiyan baƙi. Wannan zai ƙona masa rai, zai ce an bar mutane ba adireshi. Zai tarar kaciya ta koma gidan likita, wanzaman da suka rage kuma reza suke saye a kanti, kowane kai da tasa, a jefar. Zai ce ƙarfen da ba a wasa shi ba ƙarfe ba ne. Zancen zare kuwa, na san shi sarai. Zai yi wa Ango gardama kwana uku, ya kira shi yaron lakwal, ya ce shi ya yi masa kaciya. A rana ta huɗu zai ce, ba tare da ya dube shi ba, kawo abin nan naka in sake gani. Daga nan kuma ba za a raba shi da salular ba. Mutum ne mai son sanin nama. Yakan tsaya wurin mahauta ya kalli yadda jijiya ta kwanta, har su ce ko zai sayi wani abu. Da an nuna masa cewa hanyar fatar da yake ji da yatsu zare ne na gaske, kuma akwai masu tafiya a kansa, da ya yi murna irin ta yaro. Wannan murnar ma an yi masa asararta.

Ba a tura ni Doso ba. Kafin watan ya cika lokotoro ta buɗe ta ce ya juyo, na ji ta faɗi wata kalma da Zabarmanci tana murmushi. Rufewarsa duka ta ɗauki lokaci, har sanyi ya wuce. Na riƙa kallon farin nan yana matsowa, ramin yana tsukewa daga tafin hannu zuwa bakin ludayi, daga nan zuwa ƙwayar gujiya, wata safiya kuma aka buɗe babu komai sai fata mai sheƙi. Ango ya maido mini zabirata kamar yadda ya yi alkawari, ya ce ajiya ta ƙare. Na karɓa, don tawa ce. Tana rataye inda take, ina shafa wa asaken mai.

Abin da ya rage na Maiaska a duniya yana kan fuskokin mutane. In na je suna ko gaisuwar mutuwa nakan bi kumatun manya da kallo, in gane hannunsa daga nesa. Suna raguwa, don mafi ƙanƙanta a cikinsu ma sun fara furfura, kuma bayansu ba wasu. Ban da wannan akwai waɗanda suka yi noma shekara da shekaru da ƙafafun da ya kankare musu a kasuwa. Akwai jikokin da suka zagaye akushinsa a shekarar yunwa, dukansu sun rayu, ɗaya daga ciki shi ne ya ƙwace mini zabira.

Cikin waɗanda suka zauna gindin bedin nan tare da shi, mu uku muka rage. Kulu tana Gesheme, ta rankwafa, kunne ya tafi. Na aika mata da labarin zare, ta aiko a gaya mini doguwa ce, kuma ba ta son a sake tayar da maganar. Arzika yana Matankari wurin ɗansa, ido ya rufe, maƙerar ta zama shagon cajin salula. Da na dawo daga Dutsi na biya ta wurinsa na ba shi labarin duka, tun daga kwano har hotuna. Ya ce in miƙo ƙafar. Ya bi tabon da yatsunsa na maƙeri, daga sama har ƙasa, ya zagaya gefensa, ya daɗe bai saki ba. Can ya ce, "Da ya bar ta ko kasuwa guda, Tani."

Sai ni ta ukunsu. Ina nan ƙauye, ina zuwa rijiya da ƙafafuna biyu, kuma duk safiya in zan ɗaura zane sai idona ya sauka kan wurin.